TAƘAITACCEN TARIHIN NANA ASMA'U 'YAR SHEHU, MAI TSARON TARIHIN GIDAN MUJADDADI (1793-1864)

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nufe mu da ganin wannan rana ta aza harsashin ginin ɗakinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, sa'ad da muka zauna shawarar abin da za a sa cikin wannan ɗan littafi, ban da jawabai da jerin sunayen waɗanda suka taimaka, sai muka ga ya kyautu a kawo tarihin wani daga cikin magabata na ƙwarai, domin jama'a su karanta su yi koyi. Ra'ayinmu ya haɗu a kan Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da su.

Mutane da yawa sun san ta da malanta, da waƙoƙin wa'azi, da koyar da mata. Amma akwai wani aiki nata wanda ba a cika ambatonsa ba, watau tsare tarihin gidansu da na Jama'ar Shehu. Allah ya ja zamaninta har ta ga rasuwar mahaifinta, da baffanta, da yawancin 'yan'uwanta, da mijinta, ta kuwa yi ta rubuta halayensu da ayyukansu domin jikoki su sani. Mu da muke shirin kafa ginin da muke fata ya daɗe bayanmu, muna da bukatar sanin yadda ake yi wa aikin alheri tanadin da zai sa na baya su gane shi, su riƙe shi.

Asalinta da haihuwarta

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani, a shekarar 1793 Miladiyya, watau 1208 Hijiriyya. Mahaifinta Shehu Usmanu Batoranke ne, daga zuriyar Musa Jakollo wanda ya fito daga Futa Toro. Gidansu gidan ilmi ne tun kaka da kakanni, maza da mata. Hauwa mahaifiyar Shehu, da Ruƙayya kakarsa, duk an san su da karatu. Sunan mahaifiyarta Maimuna, ita ma 'yar dangin Shehu ce.

Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta namiji. Aka raɗa wa namijin suna Hassan, kamar yadda aka saba. Ita kuwa maimakon sunan da ake sa wa 'yan biyu mata, sai Shehu ya kira ta Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar Siddiƙu wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah guzuri lokacin Hijira, wadda kuma Allah ya yi wa tsawon rai ƙwarai.

Maimuna ta rasu tun Asma'u tana 'yar ƙarama, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta, cikinsu har da Hauwa mahaifiyar Muhammadu Bello. Daga nan ne shaƙuwa ta shiga tsakaninta da wanta Bello, shaƙuwar da ba ta yanke ba har mutuwa ta raba.

Shehu ya tsaya tsayin daka a kan karatun mata. Tun yana yawon wa'azi a Zamfara wani malami, Mustafa Goni, ya soki yadda mata ke halartar majalisinsa, Shehu ya umurci ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa, ya nuna barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni. Cikin littafinsa Nurul Albabi kuma ya zargi malaman da ke koyar da almajirai a zaure, alhali matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin alwala da salla ba. A irin wannan gida Asma'u ta tashi. Ta haddace Alƙur'ani, ta karanta fiƙihu da hadisi da tarihin Annabi da sufanci, ta iya rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Abin da idonta ya gani

Asma'u tana da shekara goma sha ɗaya al'amura suka ɓaci tsakanin Jama'a da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, tare da iyalinsa da almajiransa da littattafansa. A Gudu aka yi masa mubaya'a. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tabkin Kwatto, Allah ya ba Jama'a nasara.

Amma bayan wannan nasara wahala ce ta biyo. Ga yunwa, ga ciwo, ga rashin matsuguni. A ƙarshen 1804 aka yi yaƙin Tsuntsuwa, inda aka rasa mutane masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani da manyan malamai. Jama'a suka gangara Zamfara suka zauna Sabon Gari. Cikin 1805 aka ci Birnin Kabi, sa'an nan aka koma Gwandu, aka kuma sha wuya a Alwasa. Sai a 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi. Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, Shehu ya zauna Sifawa, daga baya a 1815 ya koma Sakkwato.

Duk wannan gewaye da ita aka yi shi. Ta ga yadda ake ɗaure kaya da dare, ta ga matan da aka kawo wa labarin shahadar mazansu, ta ga yadda ake tattalin takardu cikin gafaka alhali abinci ma ya yi wuya. Yarinyar da ta ga waɗannan abubuwa ita ce dattijuwar da ta zauna daga baya ta tsara su daki-daki. Saboda haka idan ta ambaci wani zango ko wani yaƙi, magana ce ta wanda ya taka wurin da ƙafarsa.

Aurenta da gidan Waziri

Cikin shekarar 1807 aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, malami, aminin Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817, aka naɗa Bello Sarkin Musulmi, sai Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Gidansu yana unguwar da ake kira Giɗaɗawa a Sakkwato. Nan ne masaukin manyan baƙi, nan ake rubuta wasiƙu zuwa ga sarakuna, nan kuma ake kwafe littattafai. Allah ya azurta su da 'ya'ya maza, cikinsu akwai Abdulƙadir, da Ahmadu, da Usmanu, da Abdullahi Bayero, da Muhammadu Laima.

Akwai wani labari na wannan gida da ya dace da taronmu na yau. Baturen nan Kyaftin Kilafaton, wanda ya iso Sakkwato a 1824, ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo. Ya ba da labarin cewa ya tarar da manyan masallatai biyu a birnin, ɗaya sabo ne ana cikin gininsa, Waziri ne kuwa ke ɗauke da aikin, yana zuwa da kansa yana duba magina. Babban maginin mutumin Zazzau ne, wanda ubansa ya taɓa zuwa Masar ya koyo fasalin gini, ya bar masa takardunsa gado. Ashe tun wancan zamani da takardar da uba ya bar wa ɗa ake tayar da masallaci. Asma'u kuwa a gidan mai ginin masallaci ta yi zaman aurenta, ta san abin da irin wannan aiki yake ci na dukiya da haƙuri.

Hidimar gida da renon 'ya'ya ba su hana ta alƙalami ba. Wajen 1820 ta rubuta Tanbihul Gafilina da Larabci, a kan kyawawan halaye. Bello yakan aiko mata da rubutunsa, ita ma ta mayar masa da amsa. A 1831 ta mayar da wata waƙar Shehu daga Fulatanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗin masu mulki da talakawa baki ɗaya game da zalunci da cin haƙƙi. Ta kuma tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin gajeruwar waƙa, da harsuna uku, domin sauƙin hardacewa.

Yadda ta zama mai tsaron tarihi

Sannu a hankali manyan da suka kafa al'amarin suka yi ta wucewa. Shehu ya rasu a 1817. Ɗan'uwan tagwaicinta Hassan bai daɗe ba bayansa. Baffanta Shehu Abdullahi na Gwandu ya rasu a 1829, ta yi masa marsiyya. Sa'an nan a watan Oktoba na 1837 Sarkin Musulmi Bello ya rasu a Wurno. Wannan rashi ya girgiza ta ƙwarai, gama shi ne wa, shi ne malami, shi ne abokin shawara.

A wannan lokaci shekara talatin da uku ke nan da Hijira. Waɗanda suka san Ɗegel sun soma ƙaranci. An haifi dubban mutane waɗanda ba su taɓa ganin Shehu ba. Ga kuma jama'a masu yawa da suka shigo daula ta hanyar yaƙi ko ƙaura, ba su san dalilin da ya sa aka yi jihadi ba. Akwai tsoron kada 'ya'ya su gaji sarauta da dukiya, su manta da manufar da aka sha wuya dominta. Gaskiya ne Bello ya riga ya wallafa Infaƙul Maisuri, Abdullahi kuma ya wallafa Tazyinul Waraƙati, amma duka biyu da Larabci suke, malamai kaɗai ke iya buɗe su.

Sai Asma'u da mijinta suka raba aiki. Giɗaɗo ya tattara labarun Shehu cikin Raudul Jinani, ya tattara na Bello cikin Alkashfu wal Bayani, ya bi sunayen sahabban Shehu da almajiransa. Ita kuwa ta ɗauki hanyar waƙa, da harshen da mutane ke magana da shi. A 1838 ta tsara waƙa a kan halayen Bello: iliminsa, da adalcinsa, da gudun dukiyar baitulmali, da gina garuruwan ribaɗi. Wanda ya karanta ta zai gane ma'auni ne ta ajiye wa duk wanda zai hau wannan gado a bayansa.

A 1839 ta tsara babbar waƙarta ta tarihi da Fulatanci, mai suna Filitago, wadda ƙanenta Isa ɗan Shehu ya mayar Hausa daga baya, aka san ta da Waƙar Gewaye. A cikinta ta bi rayuwar Shehu tun daga wa'azinsa, da hijirarsa, da zango-zangon da aka yi, da yaƙe-yaƙe, da sunayen waɗanda suka taimaka, har zuwa zamanin Bello. Ta jera su yadda mai sauraro zai ga kamanninsu da abin da ya faru ga Manzon Allah da sahabbansa a Makka da Madina. Ta haka matar da ba ta iya karanta Larabci ba ta sami tarihin Jama'a a bakinta, tana rera shi tana kaɗi ko niƙa, 'ya'yanta suna ji.

Ba ta tsaya nan ba. Yaƙin Gawakuke, wanda Bello ya yi da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye a 1836, ta tsara labarinsa bayan shekara ashirin, sa'ad da ta ga waɗanda suka halarce shi suna ƙarewa. Wajen ƙarshen rayuwarta kuma ta tsara waƙa a kan iyalin Shehu, ta ambaci matansa da 'ya'yansa, domin kada nasaba ta rikice wa jikoki. Wata al'ada tata mai kyau ita ce rufe waƙa da ramzi, watau ta sa shekarar da ta gama ta cikin haruffa. Albarkacin wannan ne masu bincike suka iya jera ayyukanta bi da bi, suka san wanda ya riga wani.

Waɗanda ta ga sun cancanci a tuna

Marsiyyoyin da ta bari suna da yawa. Ta yi wa ɗan'uwanta Buhari, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa 'yar'uwarta Faɗima, ta yi wa aminiyarta A'isha matar Bello, wadda rasuwarta a 1855 ta sa ta baƙin ciki mai tsanani. Abin lura a cikinsu shi ne abin da take zaɓa ta ambata. Ba ta cika kula da yawan dawaki ko girman sarauta ba. Takan ambaci tsoron Allah, da sada zumunta, da ciyar da baƙo, da riƙon marayu, da sulhu tsakanin mutane. Da ta zo kan mijinta, cikin abubuwan da ta tuna masa har da kula da masallatai da gyaran su.

Abin da ya fi wannan ban sha'awa, alƙalaminta bai tsaya kan 'yan gidan sarauta ba. A 1844 ta yi waƙar Alhinin Mutuwar Halima da Hausa. Halima maƙwabciyarta ce, ba ta da sarauta, ba a kuma san ta da wallafa ba. Kirkinta, da haƙurinta, da ziyarar dangi, da kyautata wa maƙwabta, su suka sa 'yar Shehu ta ɗauki alƙalami. Haka ta yi wa Zaharatu, wadda ke taimakon mata wajen haihuwa, tana wankan gawa, tana koyar da na ƙasa da ita. Haka kuma ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jagororin matan karkara da ke zuwa ɗaukar karatu. Ba don ita ba da babu wanda zai san an yi waɗannan bayin Allah a duniya. Yau ga shi fiye da shekara ɗari da sittin muna ambatonsu, muna yi musu addu'a.

Tun a 1836 da 1837 ta riga ta tsara waƙar tawassuli da mata masu albarka, da Fulatanci da Hausa, bisa wani littafi na Bello. Ta faro daga matan Annabi da 'ya'yansa, ta biyo ta kan salihan mata irin su Rabi'atul Adawiyya, ta gangaro har kan matan Jama'ar Shehu da ta sani ido da ido. Da wannan ta nuna wa matan ƙasarta cewa silsila ɗaya ce, su ma suna da wuri a cikinta.

'Yan Taru

Rubutu ba ya amfani idan ya kwanta cikin gafaka. Domin haka ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da amana daga wani ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle na naɗi, alamar izini. Idan rani ya yi, an kawar da amfanin gona, sai jaji ta taho Sakkwato a ƙasa, tare da tsofaffin mata da 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba. Matan aure masu ƙuruciya kuwa suna gidajensu, karatun ne zai je ya same su.

Sukan zo da sadaka gwargwadon hali, kamar hatsi da zuma da man shanu da zare, a raba wa mabukata. Su zauna gabanta su koyi tsarki da salla da tauhidi da zaman aure, su hardace waƙoƙinta na wa'azi da na tarihi, ta warware musu matsalolin da suka kawo. Sa'an nan su koma su koyar cikin gidaje. Ta wannan hanya labarin Ɗegel da Gudu ya shiga ƙauyukan da babu littafi ko ɗaya, aka kuma sami abin da ya maye gurbin bori a zukatan mata da yawa. Sunanta ya kai nesa, har malamai daga ƙasar Shingiɗi, can yamma da Sahara, suka san da ita, ta kuma yi wa ɗayansu maraba da baitocin Larabci sa'ad da ya biyo ta Sakkwato.

Tsufanta da rasuwarta

Nana Asma'u ta ga zamanin Shehu, da na Bello, da na Abubakar Atiku, da na Aliyu Babba, ta kuma riski na Ahmadu ɗan Atiku. Ta ga mijinta a kan wazirci, ta ga ɗanta Abdulƙadir ya gaje shi a 1842, ta kuma ga jikanta Ibrahimu Halilu ya hau a 1859. Ta zama uwa kuma kaka ga gida duka. Idan aka yi saɓani a kan wata nasaba, ko a kan yadda Shehu ya yi wani abu, wurinta ake zuwa, gama tana cikin waɗanda suka gani. 

Tsufa bai raba ta da alƙalami ba. A 1861, tana kusa da shekara saba'in, ta tsara Dalilin Samuwar Allah da Hausa. Ta rasu a 1864, watau 1280 Hijiriyya, tana da shekara saba'in da ɗaya, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanenta Isa ya yi mata marsiyya, ƙanwarta Maryamu kuwa ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta.

Abin da ya wanzu bayanta

Zuriyarta sun riƙe amanar da ta bari. Ɗanta Abdullahi Bayero ya yi wazirci bayan rasuwarta. Jikanta Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu shi ne Waziri sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Mulki ya sake, zamani ya juya, amma takardun nan ba su watse ba, suna nan a gidan Waziri ana kwafe su, ana adana su. Tattaɓa-kunnenta Waziri Junaidu ɗan Buhari, wanda aka haifa a 1906, ya hau wazirci a 1948, ya rasu a 1997, ya gaji wannan aiki, ya zama babban masanin tarihin daula, ya wallafa Tarihin Fulani da wasu littattafai masu yawa.

Daga taskarsa ne wata Baturiya, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana aikin koyarwa a Sakkwato, ta sami rubuce-rubucen Nana. Ta buga tarihinta da Ingilishi a 1989, sa'an nan a 1997 ita da Beverly Mack suka buga ayyukanta a haɗe, kimanin guda 60, da asalinsu da fassararsu. Makarantu da yawa a ƙasar nan suna ɗauke da sunanta. Duk wannan ya samu ne domin mace ɗaya ta ɗauki rubuta tarihin gidansu a matsayin ibada, na bayanta kuma ba su yi sakaci da abin da ta bari ba.

Kira ga jama'a

'Yan'uwa Musulmi, harsashin da muke azawa yau ƙasa za ta rufe shi, ba wanda zai sake ganinsa, alhali shi zai ɗauki ginin duka. Waɗanda suka fara wannan aiki su ma haka za su zama nan da shekara hamsin, sai fa idan an rubuta. Masallatai nawa ne a garuruwanmu waɗanda in ka tambayi wanda ya ba da filinsu, ko shekarar da aka gina su, ko limaminsu na fari, ba mai iya gaya maka? Daga irin wannan mantuwa ake samun jayayya a kan iyakar fili da kan limanci, har zumunci ya ɓaci. Saboda haka muna roƙon jama'a abu uku.

Na farko, mun ƙudura buɗe littafi na musamman domin wannan masallaci, wanda za a rubuta takardun fili, da ranar aza harsashi, da abin da ya shigo da abin da ya fita, da sunan duk wanda ya taimaka. Bisa koyi da Nana, wadda ta tuna da Halima kamar yadda ta tuna da Bello, za a rubuta mai buhunan siminti, a rubuta tsohuwar da ta kwance bakin zanenta, a rubuta yaron da ya ɗebo ruwa. Wanda ya fi son a ɓoye sunansa za a ɓoye, Allah ya san shi. Muna roƙon kowa ya cika alkawarin da ya ɗauka, domin kada gini ya tsaya a hanya.

Na biyu, a cikin kowane gida namu akwai wata kaka wadda ta san asalin dangi, da inda aka fito, da wanda ya auri wa, da malaman da aka yi a gidan. Yawancinsu ba su rubuta ba, ranar da aka ɗauki ɗayarsu zuwa makwanci kuwa, da abin da ta sani ake tafiya. Muna kira ga 'ya'yanmu masu karatu, na allo da na boko, su zauna gaban waɗannan iyaye tun suna da rai, su rubuta abin da suka ji da ajami ko da boko, su sa kwanan wata. Sanin nasaba shi ke taimakon sada zumunta da rabon gado bisa shari'a.

Na uku, kada a manta da rabon mata cikin wannan gini. Muna fata a kammala sashensu tare da na maza, a kuma tanadi wurin karatu dominsu da 'ya'yansu. Al'ummar da ta fitar da Nana Asma'u ba ta da hujjar barin 'ya'yanta mata cikin duhu.

Muna roƙon Allah ya karɓi wannan aiki, ya sa a gama shi lafiya, ya raya shi da salla da karatu. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da dukiyarsa ko ƙarfinsa ko addu'arsa. Allah ya jiƙan Shehu Usmanu, da Shehu Abdullahi, da Sarkin Musulmi Bello, da Waziri Giɗaɗo, da Nana Asma'u, da iyayenmu da kakanninmu, da dukkan Musulmi. Allah ya sa mu cika da imani, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.